Wai a Ingila ta da dukiyar mace ta miji ce?

Tambaya: Anti barka da aiki, wai da gaske a Ingila ta da in mace ta yi aure dukiyarta ta zama ta miji? Mai gidana ya ce tatsuniya ce.

Amsa: Ƙanwata gaskiya ne fa. Kuɗinta, kayan ɗakinta, har ladan aikin hannunta duk nasa ne, gona kuwa tata ce amma shi ke cin amfanin. In ya rasu sai a bar mata sulusin filayensa ta ci moriya iya rayuwarta kawai. Masu hannu da shuni kan yi dabara, uba ya damƙa dukiyar 'yarsa ga amintattu kafin biki. Sai 1870 doka ta bar mata albashinta, 1882 ta mallaki komai nata. Ki karanta wa oga wannan.