Gem ɗin Sega da ya fi nuna gwaninta: amsa ga mai tambaya

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka tambaya wane gem ne a tsohuwar Sega, wato Mega Drive, ya fi nuna gwanintar waɗanda suka haɗa shi, ka kuma ce kai a ganinka Virtua Racing ne, tunda shi ne mai motocin da ake iya gani ta kowace fuska. Na ga wasu sun ce Sonic, wasu sun ce Mortal Kombat. Bari in sa baki, don na'urar nan na san ta ciki da bai. Da ita na tashi a gidan gem na unguwarmu a Kano, can kuɗin tarana suke ƙarewa. Daga baya da na koyi gyaran talabijin na kwance ta ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, kuma har gobe akwai guda a shagona tana aiki.

Ba a yaba wa ɗan dako sai an ga kayan da ke kansa, don haka sai mu fara duba abin da ke cikin akwatin. Mega Drive ta fito a Japan a 1988, ta shiga Amurka a 1989 da sunan Genesis, ta iso Turai a 1990. Ƙwaƙwalwarta Motorola 68000 ce, mai bugawa kusan sau miliyan 7.67 a daƙiƙa ɗaya. Wurin ajiyar da take aiki a kai kilobayit 64 ne, na hoto ma 64. Kaloli 512 ta sani duka duka, a ciki kuma kusan 61 kaɗai take iya nunawa a lokaci guda. Shimfiɗar baya biyu gare ta, sai gutsattsarin hotuna masu motsi guda 80, kuma ba za su wuce 20 a kan layi ɗaya ba. Babbar matsalarta ita ce ba ta iya juya hoto, ba ta iya kumbura shi ko ƙanƙanta shi. Kishiyarta Super Nintendo an gina mata wannan a jiki, abin da ake kira Mode 7, ga kuma kaloli 256 a fuska.

Ga wani lissafi da nake so ka riƙe. Fuskar Sega ɗigo 320 ne a kwance, 224 a tsaye, wato ɗigo 71,680. Tana sabunta hoton sau 60 a daƙiƙa. In ka raba bugun ƙwaƙwalwar, kowane hoto zai samu bugu kusan 128,000, kowane ɗigo ke nan bai kai ga samun bugu biyu ba. Shi kuwa umarni mafi sauƙi a 68000 bugu huɗu yake ci. Ka ga ke nan ko da na'urar ta bar komai, ba sauti, ba lissafin abokan gaba, ba sauraren hannun da kake dannawa, ba za ta iya zana fuskar ɗigo bayan ɗigo a kan lokaci ba. Duk inda ka ga ƙasa tana juyawa a Sega, ko wani ƙaton abu yana tahowa yana girma, to wani ne ya zauna ya yi wa na'urar dabara.

Wannan ne ya sa ban yarda da kai a kan Virtua Racing ba, duk da ina girmama shi. Kaset ɗin da ya fito a 1994 ya fi sauran tsawo saboda akwai ƙarin aisi, wato wata 'yar ƙwaƙwalwar lantarki, a cikinsa mai suna SVP, wanda ke bugawa sau miliyan 23 a daƙiƙa, kuma shi ke lissafa siffofin motoci da titi ya miƙa wa Sega ta nuna. Martani ne ga Star Fox na Nintendo, wanda ya zo da nasa aisin Super FX a 1993. An sayar da shi kusan dala 100 a Amurka, kuma ba a sake yin wani gem da wannan aisin ba. Aiki ne mai kyau, amma ɗan dakon an ba shi baro. Mu nan ma ban taɓa ganin sa a gidan gem ba, don yawancin kaset ɗin da ke zuwa mana kasuwar Sabon Gari na kwafi ne, masu kwafi kuwa ba su da wannan aisin. Sai da na girma na gan shi.

Wanda nake sa wa a gaba shi ne Red Zone na 1994, kuma na san da yawa a nan ba su taɓa jin sunansa ba. Wasu samari 'yan ƙasar Denmak ne suka haɗa shi a ƙarƙashin sunan Zyrinx. Sun fito ne daga cikin matasan Turai da ke gasar nuna bajinta a kwamfutar Amiga, inda burin kowa ya sa na'ura ta yi abin da masu ƙera ta ba su yi zato ba. Kana kunna shi zai fara da ɗan bidiyo mai motsi, ja da baƙi, a cikin kaset, ba faifai ba. Sannan a ba ka jirgi mai saukar ungulu kana kallon sa daga sama. In ka karkata, jirgin yana nan inda yake, ƙasar ce gaba ɗaya take juyawa a ƙarƙashinsa, da gine-gine da motocin yaƙi. Abin da aka ce Sega ba ta iyawa ke nan. In ka sauka ka shiga gini da ƙafa, bangayen suna da tsawo, kana tafiya kana ganin gefensu yana sauyawa kamar mai leƙen rijiya. Su kansu sun san abin da suka yi, don sun rubuta a farkon gem ɗin cewa duk wannan ba da wani ƙarin aisi aka yi shi ba. Ranar da na fara ganin sa a shago sai da na zare kaset ɗin na kwance shi don in tabbatar, ban ga komai ba sai abin da ke cikin kowane kaset. Wasu daga cikin yaran nan su ne daga baya suka kafa kamfanin IO Interactive mai gem ɗin Hitman. Gaskiya dai yana da wuya, ba kowa zai ji daɗin buga shi ba, amma kai gwaninta ka tambaya.

Na biyu a wurina The Adventures of Batman and Robin ne, na 1995, daga wani ƙaramin kamfani mai suna Clockwork Tortoise. Sirrinsa yana cikin wata baiwa ɗaya da Sega take da ita: kowane layi cikin layukan nan 224 ana iya tura shi dama ko hagu shi kaɗai, sannan ana iya ɗaga fuskar ko sauke ta ginshiƙi ginshiƙi, mai faɗin ɗigo 16. Ɗauki littafi mai kauri ka tura shafukan sama gefe, za ka ga gefen littafin ya karkace alhali ba ka lanƙwasa ko takarda ɗaya ba. Haka suke yi. In layukan ƙasa suka fi na sama gudu, ido sai ya ga fili mai zurfi. In aka haɗa turin layi da na ginshiƙi, sai a ga kamar abu ya kishingiɗa. A matakin Mad Hatter za ka ga titi yana miƙewa cikin fuskar yana lanƙwasa, ga abokan gaba cike da wuri, kuma gem ɗin bai sassauta gudu ba. Kiɗansa Jesper Kyd ne ya yi, shi ne kuma ya yi na Red Zone. Aisin sauti na Yamaha YM2612 murya shida kawai gare shi, amma in ka jona wannan gem ɗin a sifika mai kyau sai ka ji kamar ana buga ƙarfe a maƙera. Konami ma sun yi wannan dabarar ta layuka a Castlevania: Bloodlines na 1994, inda hasumiyar Pisa ta Italiya ke tangaɗi kana hawanta.

Amma in aka ce in zaɓi ɗaya da ya haɗa gwaninta da daɗin bugawa, ba na ko tunani, Gunstar Heroes ne. Ya fito a 1993, kuma shi ne gem na farko da kamfanin Treasure ya fitar, kamfanin da wasu tsofaffin ma'aikatan Konami suka kafa a 1992. Tunda na'urar ba ta juya hoto, sai suka daina zana bos, wato babban abokin gaba na mataki, a matsayin hoto ɗaya. Suka yanka shi gaɓa gaɓa: cinya daban, ƙwauri daban, gwiwa ƙwallo ne, kafaɗa ƙwallo ce. A kowane hoto ƙwaƙwalwar tana lissafa inda kowace gaɓa za ta zauna, sai ka ga ƙaton ƙarfe yana gudu, yana tsalle, yana juya hannu sumul. A nan ne saurin 68000 ya yi rana, don ƙwaƙwalwar Super Nintendo ba ta wuce bugu miliyan 3.58 ba. Akwai bos ɗin da ake kira Seven Force a matakin ramin haƙar ma'adinai, kana kan ƙaramar mota a layin dogo yana bin ka yana rikiɗa, yanzu mutum mai gudu, an jima tsuntsu, an jima damisa, an jima bindiga, har siffa bakwai in ka sa gem ɗin a mai wuya. Ba na manta ranar da ni da wani abokina muka kai wurin muna hannu biyu. Duk yaran da ke jiran layi suka taso suka tsaya a bayanmu, ba mai magana. Muna siffa ta huɗu aka ɗauke wuta. Wallahi har na kwanta a daren nan ina ganin abin a idona. Duka wannan a kaset mai megabayit ɗaya, wanda hoto guda da za ka ɗauka da wayarka yau ya fi shi nauyi. Treasure sun ƙara gaba da wannan salon a Alien Soldier na 1995, wanda kusan duk bos ne bayan bos. Vectorman na shekarar ma haka aka gina jarumin, da gutsattsari 23.

Masu cewa Sonic ba su yi kuskure ba, sai dai ba a gudun nake ganin abin ba, a ruwa ne. A matakin Labyrinth Zone na Sonic na farko, 1991, duk abin da ke ƙarƙashin ruwa kalarsa daban. Kalolin ba za su isa ba, don haka lokacin da talabijin ke zana hoton daga sama zuwa ƙasa, tana isowa layin ruwa sai gem ɗin ya katse aikinsa ya musanya kalolin gaba ɗaya. Musanyar tana barin wasu 'yan ɗige-ɗige a kan layin, sai suka ɗora hoton igiyar ruwa a wurin ya rufe. Toy Story na 1995 daga Traveller's Tales shi ma ya cancanci a ambace shi, musamman matakin da kake yawo cikin lunguna kana gani da idon jarumin. Jon Burton da ya rubuta shi yana bayanin dabarunsa a YouTube, ga mai jin Turanci. Mortal Kombat kuwa, duk da shi ya fi tara jama'a a gidan gem, hotunan mutane ne aka ɗauka aka rage musu kala, kuma na Sega ya rasa muryoyi da yawa. Farin jini gare shi, amma bai matse na'urar ba. Super Street Fighter II ma girma ya yi, megabayit biyar, har sai da aka sa masa dabarar sauya shafi don Sega megabayit huɗu kawai take iya gani kai tsaye.

Akwai abu biyu da nake roƙon ka kula da su in za ka gwada, don kada ka yanke wa gem hukuncin da ba nasa ba. Na farko talabijin. An zana waɗannan hotunan ne don tsohuwar talabijin mai ƙeya da wayar eriya ko wayar nan mai ruwan ɗorawa. Masu zane sun san hoton zai ɗan narke, sai suke jera ɗigo mai haske kusa da mai duhu, talabijin ta gauraya su ta fitar da kala ta uku wadda na'urar ba ta da ita. Ruwan da ke zubowa a matakin farko na Sonic layuka ne a tsaye, ɗaya akwai ɗaya babu. A tsohuwar talabijin za ka ga ruwa garau ana hango dutsen bayansa, a filasma ko waya kuwa sai ka ga kamar shinge. Wani yaro ya taɓa kawo mini tasa yana cewa ta lalace, hoton duk ƙyasfi. Na jona ta a tsohuwar talabijin ɗin da nake gwaji da ita, ya tsaya yana kallo kamar an canja masa na'ura.

Na biyu gudu. Talabijin ɗinmu a Najeriya a lokacin tsarin PAL ne irin na Ingila, mai sabunta hoto sau 50 a daƙiƙa, Japan da Amurka kuwa 60. Yawancin gem ɗin an yi su ne don 60, saboda haka duk wanda ya buga a Sega irin ta Turai ya buga su da ragin gudu kusan kashi 17 cikin ɗari, ga baƙin layi sama da ƙasa. Ni kaina na yi shekaru ina zaton kiɗan Sonic na farko haka yake a hankali, sai ranar da na ji shi a na'urar Japan.

In da manhajar da ke kwaikwayon Sega za ka yi a waya ko kwamfuta, nemi gem ɗin na Amurka ko na Japan don ka samu 60, ka kunna abin da ke kwaikwayon tsohuwar talabijin, kuma ka nemi hannu na gaske, don danna gilashi ba zai kai ka ko'ina a waɗannan ba. Fara da Gunstar Heroes, ka zaɓi matakin ramin ma'adinai, na biyu daga hagu, ka haɗa makamin da ke bin abokin gaba da na walƙiya. In ka wuce Seven Force sai ka sa Red Zone, ka juya jirgin sau ɗaya a hankali kana kallon ƙasa, sannan ka dawo ka gaya mini ko har yanzu kana nan a kan Virtua Racing.