Hukuncin Zaga Birnin Hong Kong da Ƙafa don Buɗe Ido

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne, ina zuwa Guangzhou saro kaya. Wannan karon zan tsallaka Hong Kong in yi kwana uku, ina so in zaga gari da ƙafa in ga bakin teku da kasuwanni. Abokin tafiyata ya ce yawon kallo a garin da ba na Musulmi ba haramun ne. Akwai kuma wani ɗakin bauta, Man Mo, da ake kai baƙi. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, yawon nan halal ne, domin asalin al'amuran duniya halacci ne sai in dalili ya hana. Allah Ya ce a Suratul Ankabut, aya ta 20, a yi tafiya a bayan ƙasa a dubi yadda Ya fara halitta. Abokinka ya tsananta.

Amma hanya tana da haƙƙi. A hadisin Abu Sa'idil Khudri da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Annabi (SAW) ya fara lissafin haƙƙoƙinta da runtse ido. Titin Nathan, babban titin yankin Kowloon na Hong Kong, cunkoso ne, kafaɗa na gogar kafaɗa, shigar mutane kuma ba irin tamu ba ce. Kallon ba-zata an yafe maka, maimaitawa ce laifi.

Abin da na fi jiye maka tsoro sallah ce, don yawo yana cinye lokaci ba a sani ba. Tunda ba ka yi niyyar kwana huɗu cikakku ba, a mazhabar Malikiyya kasaru za ka yi, sai in ka bi liman mazaunin gari, to ka cika. Masallacin Kowloon yana kan titin Nathan ɗin nan, ginin yanzu na 1984 ne. In ka haye daga Kowloon zuwa tsibirin Hong Kong a jirgin ruwan Star Ferry, akwai Masallacin Jamia a titin Shelley. Ka kiyaye wannan da kyau: mu a gida mun saba fuskantar gabas, amma a can alƙibla yamma take, da ɗan karkata arewa.

Batun Man Mo, wanda aka gina a 1847 a titin Hollywood, malamai sun yi saɓani kan shiga wuraren bautar wasu addinai. Hanbalawa sun sassauta, wasu sun karhanta, wasu sun hana in akwai gumaka, suna kafa hujja da maganar Sayyidina Umar cewa ba ma shiga majami'unku saboda siffofin da ke ciki. Can ciki gumaka ne, ga turare murɗe-murɗe rataye a rufi, ana ta rusunawa. Shawarata ka tsaya daga waje ka dubi ginin ka wuce. Kunna musu turare ko rusunawa kuwa, ko da sunan girmama al'ada, haramun ne babu saɓani.

Abincin gefen titi ka bincika kafin ka ci, don man alade da giya suna shiga girkinsu, har a kayan fulawa. A ginin Chungking Mansions, kusa da masallacin Kowloon, akwai gidajen abincin halal.

Wallahu a'alam.