Tambayi Gwaggo: Rigimar suna tun kafin a haihu

Tambaya: Assalamu alaikum Gwaggo, ina wuni, ya aiki. Daga Talata Mafara nike rubuto miki. Cikina wata takwas, an yi sikanin asibiti sunka ce mace ta. To maigida ya kafe shi Tukazziban yaka so a sa mata wai cikin Alƙur'ani ya ji shi kuma yana da daɗi ga baki, ita ko Inna uwarshi ta ce tunda ɗiya biyu sunka rasu mini a jere Ajuji za a riƙa kiranta, ni wallahi duk babu wanda ya kwanta mini amma kunya ta hana ni magana. Mi zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗiyata, Allah ya sauke ki lafiya, waɗanda suka rigaye mu kuma Allah ya sa masu ceto ne.

Mu fara da maigida. Gaskiya ya faɗa, kalmar tana cikin Suratur Rahman, sau 31 ma aka maimaita ayar shi ya sa ta zauna masa a kunne. Amma ya tambayi ma'anarta kuwa? "Kuke ƙaryatawa" fa kenan, tuhuma ce ake yi wa mutum da aljan kan ƙaryata ni'imomin Allah. Ai Fir'auna da Hamana da Ƙaruna su ma suna cikin Alƙur'ani, wa kika taɓa gani ya yanka rago ya raɗa su? Ki hango yarinyar nan tana shekara tara a Islamiyya, malam ya zo fassarar surar, aji duka ya juyo yana kallonta, daga ranar ta samu abin tsokana har gidan miji.

Kuma ba yau aka fara ba. Manzon Allah (SAW) da kansa ya sauya sunaye, wata ɗiyar Sayyidina Umar ana ce mata Asiya mai ma'anar mai saɓo ya mayar da ita Jamila, Barra ya mayar Zainab. Kar a ruɗe fa, Asiya matar Fir'auna suna ne mai kyau, haruffan Larabcin ne daban, bokonmu ne ya haɗe su wuri ɗaya. Akwai kuma kakan Sa'idu bn Musayyib mai suna Hazn, wato tsanani, aka ce ya koma Sahal ya ce ba zai sauya sunan da ubansa ya sa masa ba, jikan ya ce tsananin nan bai bar gidansu ba.

Ita kuma Inna, kar ki ga laifinta, tsoro ne da ƙauna. Mutanen da can in mace na wabi sai a ɗora jariri kan juji a ɗauko, a ce masa Ajuji ko Ayashe, wai a nuna ba a damu da shi ba ko mutuwa ta ƙyale shi. Camfi ne, suna ba ya tsare rai, awo da rigakafi ne abin riƙewa bayan addu'a. Amma ni dai na fi tausayin mai Ajuji kan mai tsinto suna a fim ɗin Indiya ko TikTok, ita ta san dalilinta, su daɗin kunne kawai. Haka aka yi ta sa Saddam a 1991 da Usama bayan 2001, Usama sunan Sahabi ne ba laifi, sai dai mun san ba shi aka nufa ba a lokacin.

Kar ki tunkari kowa da gardama. Ki lallaɓa maigida ya je wajen limamin da zai raɗa sunan ya tambaya tun yanzu, ba sai ranar bakwai wanzami ya wasa aska mahauci ya kama rago ba. In ya ji daga bakin malam da kansa zai sauka. Sai ki ce a sa sunan Inna, kin ga surukuta ta hana ki ambata, dole a nemo alkunya irin su Ummi ko Mama, kuma ban ga tsohuwar da za ta yarda a kira takwararta Ajuji ba.

Tambaya: Gwaggo ni saurayi ne daga Argungu, sunana na yanka lafiya lau, amma da laƙabin da kakata ke kirana aka rubuta ni firamare, yanzu shi ke kan takarduna kuma abokai sun ishe ni da dariya.

Amsa: Ɗana wannan mai sauƙi ne, sai dai akwai zirga-zirga. Ka je kotu ka yi afidabit, ka buga sanarwar sauya suna a jarida, sannan ka nemi hukumar katin ɗan ƙasa NIMC ta gyara NIN, banki ma haka saboda BVN. In ba ka yi JAMB ba ka gama gyaran kafin rajista don daga NIN suke ɗauko suna. Kakar kuma ka bar ta ta ci gaba da kiranka yadda ta saba, ba za ta daina ba ko ka kawo mata jaridar.