Yadda muke kiyaye hantsar akuya a Mai Wurno

Ɗan'uwa, ka tambaye ni dalilin da ya sa mu Hausawan Sudan muke ɗaura wa awakinmu jakar tsumma a hantsa, da abin da muke yi idan hantsar ta kumbura, tunda ka ce akuyarka ta rasa ɓari guda na hantsarta bayan haihuwarta ta biyu.

A wajenku jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ana kiwonta ne saboda nama da fata da hidimar suna, shi ya sa sau da yawa ba mai taɓa hantsarta sai 'ya'yanta. Mu kuwa, tun da kakanninmu suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, bayan yaƙin Burmi da aka yi da Turawa a 1903 suka zauna a gaɓar kogin Shuɗin Nilu, a garin da ake kira Mai Wurno, mun tarar da mutanen da shayinsu na safe ba ya shiga sai da madarar akuya, muka ɗauki ɗabi'ar. Akuyar Nuba mai dogayen kunnuwa da muke kiwo tana da babbar hantsa mai lilo, wadda ƙaya ke yankewa, taɓon damina kuma yana ɓata ta. Jakar nan ana sa ta ne don a hana 'yan awaki shanye madara kafin tatsa, tana kuma kare ƙaya. Amma ba zan ɓoye maka ba, jakar da aka bari da danshi kwana da kwanaki ita ce ke jawo ciwon da kanta, domin ƙwayoyin cuta ta kan nono suke shiga. Matan da suka san aikinsu suna ajiye biyu, ana sa ɗaya ana wanke ɗaya.

Mai tatsa ita ce ke fara gane ciwon. Kafin ta kanga ƙwarya, mahaifiyata takan matsa tsirtuwar farko a kan baƙin ƙyalle, ta duba ko akwai gudaji, ko madarar ta tsinke kamar ruwa, ko ta haɗu da jini ko mugunya. Daga nan ta tallabi ɓangarorin biyu da tafin hannu, domin wanda ya kamu yakan fi zafi da tauri, akuyar kuma takan yi harbi ko ta hana ɗanta sha. Wanda ya fi ban tsoro shi ne idan hantsar ta yi sanyi ta rine ta koma baƙi-baƙi, akuyar ta daina cin abinci, don a lokacin naman ya fara mutuwa, kuma cikin kwana ɗaya ko biyu ana iya rasa dabbar.

Idan an gane shi da wuri, mukan ware akuyar, a riƙa gasa wurin da tsumma da ruwan ɗumi, a tatse ɓarin sau da dama a yini, a zubar da madarar inda yara da dabbobi ba za su kai ba. Wannan yana rage zafi ne kawai, bai isa magani ba. Likitan dabbobi, wanda a nan muke kira baiɗari, shi yake zaɓar allura irin su penisilin, ko maganin da ake matsawa ta kan nono, kuma dole a cika kwanakin da ya faɗa, a bar shan madarar har wa'adin da aka rubuta a kwalbar ya wuce. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a 2023 magani ya yi wuya, wasu suna tsayar da allura da zarar kumburi ya saɓe, sai ciwon ya dawo ya bar ƙulli.

Kai da ba ka tatsa kullum, ka riƙa share gindin turke ya zauna a bushe, ka duba bakin 'yan awakin ko akwai ƙuraje, don suna ji wa kan nono ciwo. Idan an yaye ɗa ko ya mutu, kada ka ƙyale hantsar ba dubawa. Ranar da kuka tatsa, a wanke hannu da sabulu, a bar mai ciwo a ƙarshe, a tsoma kan nonon a ruwan aidin, sannan a zuba wa kowace akuya harawa ta ci a tsaye kamar rabin sa'a kafin ta kwanta, saboda ƙofar nonon ba ta rufewa nan take. Akuyar taka mai ɓari guda za ta iya shayar da ɗa ɗaya, amma idan ta haifi tagwaye sai ka nema wa ɗayan madara.