Injin tsaga katako: na walda ko mai kariya?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce za ka buɗe shagon kafinta a ƙauyenku wajen Ringim, kana tambaya ko ka sayi injin tsaga katako irin wanda masu walda ke haɗawa tunda ya fi araha, ko ka ɗauko na kamfani mai kariya. Na daɗe a sana'ar nan, ni dai ka ƙara kuɗin ko da adashe za ka shiga.

Mutane na ɗauka sai mai ganganci zarto ke yanka, wallahi ba haka bane. Kana cikin tura falanki, musamman ɗanyen malaina da bai gama bushewa ba, sai tsagar ta matse zarton ta baya, haƙoran su ɗaga katakon su wurgo maka a ciki ko su fizgi hannunka, abin da ke juyawa sau 3,000 zuwa 4,000 a minti ɗaya ina ka ga damar janye hannu? Akwai yaron da ya rasa yatsu biyu a shagon da na koyi aiki, oga ne ya cire murfin zarton wai yana ɓata masa lokaci, ƙarshe sai Asibitin Ƙashi na Dala, kuɗin mota da na magani suka cinye cinikin watanni.

Na kamfani yana da siririn ƙarfe a bayan zarton da ke hana tsagar haɗewa, shi ne babban abin da kake biya wa kuɗi. Sai murfi, sai ƙarfen da ake jingina katako wanda ba ya karkacewa. Ka nemi mai makunnin da in NEPA ta ɗauke ta dawo ba zai tashi da kansa ba, na walda kam tashi yake ko hannun wa ke kai.

Akwai wani injin tsaga katako mai suna SawStop da Steve Gass ya ƙirƙiro a Amurka a 1999, da zarton ya taɓa fatar mutum birki ke kama shi nan take, sai dai ɗan ƙwarzane. Amma tsada gare shi, duk kamawa sai ka sake birki, ɗanyen katako ma yakan sa ya kama, a ƙauye ina za ka samo kayan gyaransa.

In kuma na waldan aljihunka zai iya, to ka tsaya a kan mai waldan ya sa maka ƙarfen bayan nan da murfi kafin ka cika masa kuɗi. Ka yanka sandar tura katako ka rataye a jikin injin, kuma kar ka bar yaro ya matso wajen da riga mai faɗin hannu.