Ban yi lakkol ɗin zane ba, wannan aiki zai ciyar da ni?

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni matashi ne a unguwar Zariya nan Maradi, ina haɗa guntayen fata da ƙyallen tela da yashi a kan katako in fidda hoto, ba wanda ya koya mani. A gida cewa ake tarin shara nake, kuma wasu ayyukan suna ɓamɓarewa. In ci gaba?

Amsa: Ci gaba ƙanena, ina tare da kai har zuciya. Mai saye ba ya tambayar difloma. Romuald Hazoumè ɗan Porto-Novo a Benin, haihuwar 1962, shi ya koya wa kansa, da jarkokin roba irin na masu safarar fetur daga Najeriya yake yin fuskoki, bakin jarkar ya zama baki mariƙin ya zama hanci, a 2007 aka ba shi kyauta a baje kolin documenta a Jamus. Jarkar da kake gani kullum a hanyar Ɗan Issa ce fa.

Amma ɓamɓarewar nan ita ta fi damuna, don wanda ya ba da jikka ashirin aiki ya zube masa bayan damina ɗaya ba zai dawo ba, kuma zai faɗa wa wasu. Bar manna fata da ƙaro ko kunun rogo, laima na sake su, kwari kuma na bin su. Yashi da ƙyalle ka manna su da farin kol, wato gam, na kafintoci, fata kuma kol ɗin da masu gyaran takalmi ke shafawa gefe biyu su bari ya sha iska kafin su haɗa. Inda abu ke da nauyi huda katakon ka ɗinke da zare ko waya. Katakon ka shafe shi da fenti gaba da baya tukuna, in ba haka ba hunturu na zuwa zai lanƙwashe.

Je ka zauna wurin dukawa ko da wata biyu ne, fatar jar akuyarmu ta Maradi sun san ta ciki da bai, nan ne lakkol ɗinka.

Kowane aiki ka sa hannu da shekara a bayansa, ka ɗauke shi hoto da safe a inuwa, ka rubuta girmansa da kayan da ka sa kafin ka ɗora a Facebook. Batun ciyarwa kuwa, riƙe wata sana'a a gefe tukuna, ko rubutun allon shaguna ne, don kada yunwa ta sa ka karyar da aikin sati uku a kuɗin kol.