Na Wuce Mafitata a Titin I-285, Aka Ce In Yi Ribas: Shin Haka Ake Yi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Wata biyar ke nan da na samu lasin a jihar Jojiya ta Amurka. Ina zaune a Clarkston, ina aiki a Dunwoody, duka a gefen birnin Atlanta, kullum ta babban titin I-285 nake bi. Abu biyu ne suka hana ni sukuni. Na farko, ina hawa titin allo na cewa East, ban karya kwana ba sai in ga ya koma South, sai gabana ya faɗi in ɗauka na ɓata. Na biyu, ranar Alhamis da daddare na wuce mafita ta 40 da 'yar tazara. Abokin aikina da ke zaune a gefena, wanda ya shekara goma a ƙasar nan, ya ce in sauka gefen titi, in kunna hazad, in yi ribas. Na yi, amma wata tirela ta wuce mu har motar ta girgiza. Tun ranar hannuna rawa yake in na kama sitiyari. Ya ce muddin hazad na kunne doka ba ta hana ba. Gaskiya ne?

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka yi sujadar godiya, domin Allah ne Ya kiyaye ku a daren nan. Abin da abokinka ya faɗa ba gaskiya ba ne, kuma zan daɗe a kansa. Amma bari in fara sallamar tambayarka ta farko, ita ce mai sauƙi.

Ba ka ɓata ba. I-285 zobe ne da ya kewaye Atlanta, tsawonsa kusan mil 64, an kammala shi a 1969. Abin da yake zagaye ba ya da gabas ɗaya ko kudu ɗaya, don haka sunan alƙiblar da ke kan allo yana sauyawa yayin da titin yake lanƙwasa. Daga Dunwoody kana saman zoben ne kana fuskantar gabas. Da ka wuce mahaɗar I-85, wadda mutanen gari ke kira Spaghetti Junction saboda yadda gadojin sama suka sarƙe da juna, titin ya miƙa kudu, allon ma ya bi shi. Ka daina dogara da East da South. Ka dogara da lambar mafita. Tun shekarar 2000 Jojiya ta koma ba mafita lamba gwargwadon mil ɗin da take, kuma a kan wannan zobe lissafin yana farawa daga kudu maso yamma ya bi yadda hannun agogo ke tafiya. In ka hau a mafita ta 29, Ashford Dunwoody Road, kana neman ta 40, to mil 11 ne a gabanka, kuma lambobin su riƙa hawa: 30, 31, 32, 33. In ka ga suna sauka, ka hau ɗaya hannun. Sunayen garuruwan da ake rubutawa a allon ma jagora ne: Greenville na nufin I-85 ta arewa, Augusta I-20 ta gabas, Macon I-75 ta kudu. Ba sai can za ka ba, alƙibla kawai suke nuna maka.

Yanzu ga maganar ribas. Shekaru nake koyar da tuƙi a garin nan, kuma babu ƙaryar da na fi jin ta a bakin mutanenmu kamar wannan ta cewa hazad lasisi ne na yin abin da aka ga dama. Dokar hanya ta Jojiya, sashe na 40-6-240, ta faɗa ƙarara cewa direba ba zai yi baya da mota ba a kan irin wannan titi, ko a tsakiyarsa ko a gefensa. Ba ta ce sai dai in ya kunna hazad ba. Ba ta ce sai dai in tazarar kaɗan ce ba. Akwai kuma sashe na 40-6-50 da ya hana tuƙi ta cikin filin nan mai kusurwa uku da ke tsakanin babban titi da mafita, wanda nake ce wa ɗalibaina bakin almakashi. Wanda ya wuce mafita ya dawo da baya, ba makawa sai ya keta wannan fili, ka ga laifi biyu ke nan a motsi guda. Ɗan sanda ya gan ka, tara ce da makin laifi a lasinka, kuma maki 15 cikin wata 24 dakatar da lasin ne.

Amma ni ba tarar ce ke tayar mini da hankali ba. Tara kuɗi ne, ana biya a huce. Ka tsaya mu yi lissafin abin da ya faru a daren. Motocin da ke wuce ka suna gudun mil 65 a awa, wasu sun fi haka. Wannan kusan kilomita 105 ke nan, wato mita 29 a kowace daƙiƙa. Direban da ya hango wani abu a gabansa, kafin ƙwaƙwalwarsa ta gane, ƙafarsa ta bar totur ta taka birki, daƙiƙa ɗaya da rabi ta tafi, ya riga ya ci mita 40 da ɗoriya ba tare da motar ta rage komai ba. Wannan ƙaramar mota ke nan. Tirelar da ta girgiza ku, in cike take da kaya, nauyinta na iya kai wa tan 36, kuma a wannan gudun tana buƙatar kusan mita 160 kafin ta tsaya cik. Kada ka manta kuma, I-285 titin tireloli ne. Doka ta hana manyan motocin da wucewa kawai za su yi su ratsa tsakiyar Atlanta, sai su bi zoben nan. Shi ya sa dare da rana ba ya rabo da su, kuma hannun dama, wanda ke maƙwabtaka da inda kake ribas, nan ne suka fi bi.

Ga abin da masu wannan fatawa ba sa tunawa. Hazad ba ya gaya wa na bayanka cewa kana tahowa wajensa. Duk direban da ya ga fitilu biyu na walƙiya a gefen titi, abin da ransa ke ba shi shi ne mota ce ta lalace, tana tsaye. Da wannan zaton yake auna tazararsa. Kai kuwa kana matsowa, tazarar na raguwa ta gefe biyu. Sannan ina ribas ɗin zai kai ka? Ba za ka iya faɗawa mafita daga inda kake ba sai ka ja da baya har ka wuce tsinin almakashin, kuma wannan tsini shi ne daidai wurin da masu sauka a ta 40 ke karkato da kan motarsu dama. Mutumin nan idonsa na kan koren allo, ya ba da sigina, ya yi komai daidai, sai kawai ya tarar da bayan motarka a layinsa. Hagunsa tirela, damansa katangar ƙarfe, ba shi da wurin kaucewa.

Ka taɓa lura da abin da ake girkewa a irin wannan tsini? Wani wurin durom-durom ne na roba ruwan ɗorawa cike da yashi, wani wurin doguwar na'urar ƙarfe ce mai naɗewa in an buge ta, fuskarta da zanen baƙi da ruwan ɗorawa. In ka wuce ka duba da kyau, za ka ga wasu a lotse, ga baƙin sawun taya a kwalta, ga ɓarɓashin gilashi da guntun bamba a ƙasa. Injiniyoyi sun san nan ne mutane ke canza shawara a makare, shi ya sa suka kashe kuɗi a wurin. Kai kuma nan ka kai bayan motarka, inda tankin mai yake, inda yara ke zama.

Na taɓa koyar da wata baiwar Allah, mai natsuwa ƙwarai, ta ci jarrabawarta a karon farko. Bayan 'yan watanni wani na gida ya ba ta irin shawarar da aka ba ka, a wata mafitar daban. Motar ɗaukar kaya ta same ta ta baya. Ta rayu, alhamdulillahi, amma na je duba ta na tarar da wuyanta cikin abin ɗaurin nan na asibiti, ba ta iya juyowa ta amsa sallamata sai da ido. Kujerar jaririnta na cikin motar, Allah Ya sa ranar an bar shi a gida. Ga ciwo, ga asarar mota, ga shi kuma rahoton 'yan sanda ya ɗora mata laifin. Wanda ya ba da shawarar ko ƙwarzane bai samu ba, domin ta waya ya bayar.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne yadda muke ɗaukar daɗewa a ƙasa a matsayin ilimi. Wane ya shekara goma a Amurka, shi ke nan ya zama malamin hanya. Ya kai sabon zuwa filin ajiye motoci na kanti ranar Lahadi, su zaga sau biyar, ya karɓi kuɗinsa, ya ce ai ka iya. Bai taɓa buɗe littafin direbobi na jiha ba, wanda kyauta ake samunsa a intanet. Bai taɓa hawa babban titi da ɗalibin ba. Sai saƙon murya a WhatsApp: an ce in ka kunna hazad, an ce bayan sha biyun dare ba a kamawa, an ce in kana da lasin gida ana yi maka uzuri. In ka tambayi wanda ya faɗa, ba a san shi ba. Shekara goma da mutum ya yi yana ganganci bai mutu ba, ba hujja ba ce a kan komai sai tsawon kwana. Na san inda ɗabi'ar ta samo asali. A titin baifas na Kaduna, in mota ta ja da baya a gefen hanya, na bayanta ba zai yi mamaki ba, domin idonsa ya saba da mai tsallakawa a ƙafa, da mai babur, da bas mai sauke fasinja, ƙafarsa na kusa da birki. A can ma haɗari ne, mun rasa mutane ta haka. A nan kuwa an gina titin ne a kan alkawarin cewa babu mai tsayawa, babu mai tahowa ta baya, kuma kowa da wannan alkawarin yake gudu.

To me ya kamata ka yi a daren? Ka wuce abinka. Mafita ta 41, Memorial Drive, mil ɗaya ce a gaba. Ka sauka, ka tsallaka ɗaya gefen, ka hau I-285 North, ka fita a ta 40 ta wancan hannun. Mil biyu da ɗan abin da ba a rasa ba, minti biyar ko shida. In da cunkoso a ce goma. Abin da kuka sa ranku a kai ke nan, kai da abokinka da duk wanda ya so sauka Clarkston a wannan minti.

Gyaran na gaskiya kuwa yana farawa tun kafin ka iso. Alluna ba sa yi wa mutum ba-zata. Ana sanar da mafita tun daga nesa, galibi saura mil ɗaya, sannan rabin mil, sannan allon da ke kan tsinin kansa mai kibiya. Wanda ya jira na ƙarshe ya makara. Da ka wuce ta 38, Lawrenceville Highway, ka fara neman hannun dama a hankali, layi ɗaya bayan ɗaya, sigina da madubi da waiwaye. Sai dai ka kula da ta 39, mahaɗar US 78 mai zuwa Stone Mountain: in ka ga faci ruwan ɗorawa a ƙasan koren allo an rubuta EXIT ONLY, kibiya na nuna layinka, to layin nan gaba ɗayansa fita zai yi da kai. Kwalta ma na faɗa: dogayen fararen zane su koma gajeru masu kauri, kusa da juna. Ɗan ƙaramin allon lamba da ke saman babban allo, in yana gefen dama mafitar ta dama ce, in yana hagu ta hagu ce, kuma ana ƙara masa LEFT. Inda ka ga A da B, kamar 33A da 33B, mahaɗa ɗaya ce mai rassa biyu, ka san harafinka tun daga gida.

Waya kuma ka kafe ta a mariƙinta, ka bar ta ta yi magana. Tun 1 ga Yuli 2018 riƙe waya a hannu yayin tuƙi laifi ne a Jojiya. A ƙarƙashin gadoji masu hawa-hawa takan rikice ta ɗauka kana sama alhali kana ƙasa, don haka in ta saɓa da allo, bi allo. In kuwa motar ce ta lalace da gaske, nan ne hazad ke da aikinsa: ka matsa dama iyakar iyawa, nesa da bakin almakashi, ka bar bel ɗinka a ɗaure, ka kira 511 a turo maka motar agajin HERO ta ma'aikatar sufurin jiha.

Rawar hannun nan kada ta ba ka kunya. Jikinka ne ya gane abin da ya kusa faruwa. Amma kada ka bar ta ta zaunar da kai, domin direba mai tsoro shi ke taka birki a tsakiyar titi. Ranar Lahadi bayan sallar asuba, hanya ba kowa, ka ɗauki wanda ya iya tuƙi na gaske, ku hau a ta 29. Ka riƙa karanta kowane allo da baki. In kun iso ta 40, ka wuce ta da gangan, ka sauka a ta 41, ka juyo. Ka yi haka sau uku, har jikinka ya yarda cewa wuce mafita ba musiba ba ce.

Shi kuma abokin naka, ka nuna masa amsar nan, ba don a ci masa fuska ba. Ka ce na roƙe shi don girman Allah ya tuna mutum nawa ya ba wannan shawarar cikin shekara goman nan, ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya janye ta. Rai amana ne a hannun direba, kuma duk wanda ya koyar da abin da ya halaka wani yana da kaso a ciki, ko da yana kwance a ɗakinsa lokacin da abin ya faru. In yana da ja, ya zo da sashen dokar da ya ba shi izini, mu zauna mu karanta tare.